Kwalba Tamanin Masu Sunan Ruƙayyatu

Shekara talatin da ɗaya Ruƙayyatu ta yi a Makka, amma duk faɗin ƙasar babu takarda ko ɗaya da ke ɗauke da sunanta. Aikin Hajji ta zo daga Gwarzo da sauran ƙuruciyarta, mijinta ya rasu a Mina, ita kuma ba ta koma ba. Ba ta da iƙama, takardar izinin zama, fasfonta ya mutu tun ana buga shi da hannu, ɗakin da take haya a saman dutsen Tandabawi da sunan wani aka kama shi, layin wayarta ma na wani ne. Abin ya daɗe yana cin ranta, ko da yake ba ta taɓa zama ta faɗa wa kowa ba. Sai dai ta huce a kan mai tasi, ko a kan magen maƙwabta.

Abin da Allah Ya ba ta shi ne ɗanɗano, kuma shi ya riƙe shagon gidan Kabo da ke unguwar Rusaifa. Ruwan zabibi ake sayarwa a can, baƙin abin shan nan mai sanyi da mutanen Makka ke bin layi a kansa, balle da azumi. A jiƙa busasshen inabi, a markaɗa, a tace, a jefa kirfa da hel, ɗan ƙamshin nan da ake sa wa gahawa, shi ke nan, in a baki ne. Wankin kofuna mai shagon, mahaifiyar Mukhtaru Kabo, ta ɗauke ta, har ranar da ta ga ta tauna zabibi guda ta tofar, ta ce wannan mai aka shafa masa don ya yi ƙyalli, cikinsa ba komai. Tun daga ranar ba ta ƙara taɓa soso ba. Tsohuwar ta rasu, shago ya koma hannun Mukhtaru, allon ƙofa yana nan da sunan Kabo, zaɓen zabibi kuma yana nan a bakin Ruƙayyatu.

Yadda take samo shi kuwa, nan ne dabarar. Ita da ko Jidda ba ta iya zuwa saboda shingen bincike, sai ta bari duniya ta zo ta same ta. Da an sauko daga Mina, alhazai sun fara neman inda za su cusa dabino da darduma da carbi a jakunkunansu, guzurin da suka taho da shi daga gida sai ya zame musu kaya. Lokacin ne za ka ga Ruƙayyatu da buhunta tana bin ƙofofin baya na masaukan Shisha. Ba ta jin yarensu, ba sa jin nata, da yatsu ake ciniki. Ta san koren zabibin Iran dogo ne amma ruwansa salam. Ta san na Turkiyya zaƙi ne zalla, na yara. Na Yaman shi ne sarki in an dace, amma masu shi sun san darajar abinsu, ba sa sakin sa da araha. Ita kullum mummuna take nema, mai ƙura, mai tsinke, wanda ɗan kasuwa zai kalla ya yatsine fuska, don ta san irin wannan ne ya bushe a inuwa ba a taɓa shi da komai ba. Da kuɗin kilo ɗaya na kanti sai ta tashi da kilo huɗu na abin kirki.

Hajjin bana ta yi gamon da ba ta taɓa yi ba. A bayan wani masauki ta tarar da wasu tsofaffin mata 'yan Samarkanda suna fama da zip ɗin jaka, ɗaya ta hau kai ta zauna, ɗaya tana ja. Gefe ga ƙulle-ƙullen baƙin zabibi an yasar. Ruƙayyatu ta ɗauki guda ta sa a baki, ta tauna. Zaƙi ya fara zuwa, sannan ɗan tsami, sannan wani ɗaci-ɗaci mai daɗi can a maƙogwaro, wanda har ta hau tasi bai bar ta ba. Ta bi matan ɗaki-ɗaki har bene na shida da gwiwarta mai ciwo, ta tattara kilo goma sha takwas. Ta ba su abin da suka nuna da yatsu, ta ƙara musu turare kwalba biyu don kunya, saboda ta san ta ƙware su.

Wannan ba na shago ba ne, tun a tasi ta yanke. Na bikin Nuf ne, 'yar Mukhtaru, yarinyar da ta goya a bayanta tun ranar suna, wadda za a ɗaura wa aure a watan Safar. Ta ɗinke bakin buhun, ta kai shi ɗakin ajiya na shago saboda ɗakinta tururuwa, ta kafa wa kowa doka: wanda ya taɓa, shi da ita.

To, ga Bandar, wan Nuf. Shekara ashirin da bakwai, haifaffen Makka, Hausarsa rabi ce, rabin kuma Larabci. Ba mugun yaro ba ne, kuma wannan shi ya fi ba da haushi, don mugu ka san ta inda za ka tare shi. Tun da ya fara zama a shago wayarsa ta zame masa malami. Ya gano wasu Turawa a ciki masu yawon duniya suna neman ruwan inabi mai kyau da araha, su juya kofi, su shinshina, su kurɓa, su lumshe ido, su ce wannan na gangaren dutse kaza ne, shekara kaza. Bandar ya zo ya nuna wa Ruƙayyatu, wadda yake kira Khala, wato Inna, bakinsa har kunne.

"Shufi, duba ya Khala, abin da kike yi ne daidai! Su ma ƙasa-ƙasa suke bi. Amma dubi kwalbarsu, dubi takarda, marra kyau. Mu kuma muna zubawa a jarka kamar man mota."

Ruƙayyatu ta leƙa wayar, ta ja tsaki. "Ɗan nan, waɗannan giya suke nema. Abin da suke jira ya faru a cikin kwalbarsu, shi mu muke gudu. Zabibi kwana biyu yake da rai. A na uku abin da ya rage a zubar, haka kakarka ta bar mana. Ɗauke min wannan abin daga gabana."

"Tayyib, tayyib," in ji Bandar, yana dariya. Wanda ya san shi ya san tayyib ɗinsa ba ta nufin ya ji.

Biki ya matso. Walimar mata ranar Alhamis bayan la'asar, a gidan su Nuf a Shisha. Ruƙayyatu ta yi kwana tara a can tana fama da ɗinki da turaren wuta da baƙi, ba ta leƙa Rusaifa ba. Lissafinta a shirye yake: ta jiƙa ranar Talata da yamma, ta markaɗa ta tace ranar Laraba, a sha ranar Alhamis. Ranar Talata da hantsi ta sauka a ƙofar shago, ta wuce ɗakin ajiya kai tsaye, ta tarar da buhunta a ninke a kan kujera, an kakkaɓe shi tas.

Ba ta yi ihu ba tukuna. Ta ɗaga buhun, ta juya shi, zabibi guda ɗaya ya faɗo ya gangara ƙarƙashin firji. Sannan ta buɗe murya, har mai gyaran takalmi na tsallaken titi sai da ya ɗago kai.

"Bandar! Wane mara tsoron Allah ne ya taɓa min buhu?"

Ya shigo yana murmushi, yana goge hannu, irin murmushin wanda ya shirya abin alheri. "Ki kwantar da hankali, ya Khala. Mufaja'a ce, abin ba-zata. Na so sai ranar biki ki gani, amma zo."

Ya ja wani labule a ƙuryar ɗakin, ya kunna fitila. Katako ne aka kafa hawa-hawa, a kansa dogayen kwalabe masu duhu, a kwance, kowacce an toshe bakinta da toshiyar itace an ɗaure da zare ruwan gwal. Ya ce tamanin ne cif. Ya ce ma'aikatan shago ne suka haɗa, yadda take yi sak, ba su rage komai ba. Ya ce tun Litinin ɗin waccan aka yi, don mai buga takarda da mai toshiya suna bukatar lokaci. Ya ce bai sa a firji ba, saboda ya gani a waya irin wannan a wuri mai duhu ake kwantar da shi, daɗinsa ya ƙara zama.

Kwana tara. A Makka, a watan Safar na bana, da zafin da ko inuwa ba ta tsira ba.

Ruƙayyatu ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai ya zaro kwalba ɗaya ya miƙa mata da hannu biyu. "Karanta, ya Khala."

Farar takarda ce mai kauri a jikin kwalbar, da zanen reshen inabi. Karatun allon da ta yi a Gwarzo bai gudu duka ba. Ta matsar da kwalbar kusa da fitila, ta bi baƙaƙen da yatsa ɗaya bayan ɗaya: Zabib Ruƙayyatu. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe, Samarkanda, da shekarar bana. Babu Kabo ko'ina.

Ta manta da faɗan. Ba ta taɓa ganin sunanta a buge ba, da injin, a miƙe, kamar na mutanen da ake lissafawa da su. Ta ga teburan walima, ta ga kwalaben a jere, ta ga matan Rusaifa da na Shisha da dangin ango suna ɗagawa suna karantawa. Ta so abin nan, ba ƙarya, ta so shi har cikin ƙashinta. Wata zuciyar ta ce mata wataƙila sanyin ɗakin ya riƙe shi. Wataƙila toshiyar ta hana. Wa ya sani?

"Buɗe," in ji ta.

Bandar ya murɗa wani ƙarfe a toshiyar, shi ma sabo ne, a waya ya gan shi. Kafin ya ja, toshiyar ta taso da kanta, kwalbar ta yi tsaki, kumfa ya biyo wuyanta ya zubo masa a hannu. Ruƙayyatu ba ta bukaci kofi ba, hancinta ya riga ya gaya mata. Duk da haka ta dangwala yatsa ta taɓa a harshe. Zaƙin yana nan, ɗacin nan mai daɗi na matan Samarkanda yana nan, amma a bayansu ga wani abu yana tsikarin harshe kamar ƙananan allurai. Ta juya ta tofar a magudana, ta kurkure baki sau uku.

"Ya juya," ta ce.

"Esh?"

"Ya juya, na ce! Ya kama hanyar zama giya. Bene shida na hau da wannan gwiwar, ɗaki-ɗaki, kamar mai bara. Shekara talatin ina neman irinsa. Ka ɗauka ka ba ƙartin shago, ka ɗura a kwalba, ka kwantar da shi kamar jariri, don wani jan kunne a waya ya lumshe ido! Na gaya maka ko ban gaya maka ba? Da wane yare kake so a yi maka magana, tunda Hausa ba ta shiga, Larabcin ma ba ya shiga?"

Bandar ya kira babansa. Mukhtaru ya iso bayan azahar, carbi a hannu, gumi a goshi. Mutum ne mai son zaman lafiya, irin son da ke sa a share datti a tura ƙarƙashin tabarma. Ya tsiyaya kaɗan a kofi, ya kurɓa, ya tauna baki.

"Yaya Ruƙayya, ni ɗan tsami-tsami kawai na ji. Wannan ai ba ya bugarwa. A sa a firji yanzu, jibi a zuba ƙanƙara da ɗan sukari, wa zai gane? Yaron nan ya riga ya sa hoton kwalaben a waya, dangin ango duk sun gani."

"Ni na gane," in ji ta.

"Ke ai bakinki daban ne."

"To da bakin wa ka ci abinci shekara talatin? Ranar da na ce maka buhu kaza ƙasa ne a ciki, ka ce bakina daban ne? Yau ba ya bugarwa, jibi fa? Za ka tsaya a kan kowane kofi ka auna? Mata masu alwala za su sha abin nan, Mukhtaru, su tashi su yi magariba. A garin nan. Hajiya mahaifiyarka tana kwance a maƙabartar Ma'ala, da ita ce a tsaye nan, za ka iya buɗe baki ka ce mata a ƙara sukari?"

Mukhtaru ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Bandar ne ya kasa haƙuri, idonsa ya kawo ruwa, muryarsa ta tashi.

"Don ke na yi, wallahi don ke! Sunanki na sa, ya Khala, na cire namu. Wa ya taɓa sa sunanki a jikin wani abu a ƙasar nan?"

Maganar ta same ta inda ba ta da kariya, kuma gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Ta dube shi har sai da ya kawar da kai.

"Babu," ta ce. "Babu wanda ya taɓa. Kai ne na farko, kuma a jikin giya ka sa shi. Miƙo min ƙarfen nan."

Ta jawo kujera bakin magudana, ta naɗe hannun riga. Ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Ta murɗa, ta ja, ta kifa, ta ajiye, ta ɗauki ta gaba. Wasu toshiyoyin da kansu suke tsalle su bugi rufi. Baƙin ruwan yana bin tayil yana kumfa, ƙamshin inabin Samarkanda ya cika ɗakin, da wancan warin a bayansa. Kowace kwalba sai sunanta ya juyo ya kalle ta kafin ta kifa. Wajen ta talatin hawaye ya fara zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma daina faɗa ba. Ta zagi wayar, ta zagi mai lumshe ido, ta zagi mai toshiya da mai zaren gwal, ta zagi gwiwarta da ta hana ta leƙowa ko sau ɗaya a kwana tara. Har aka kira la'asar tana kifawa.

Da ta ajiye ta tamanin, Bandar ya matso a hankali, kamar mai tunkarar kaza mai 'ya'ya. "Khala, ma'alesh, yi haƙuri. Kwalaben suna nan lafiya. Akwai zabibin kwali da aka kawo daga Jidda. A wanke, ki haɗa da hannunki gobe, a ɗura ranar Alhamis da safe. Takardar ma ba ta lalace ba."

"Takardar ta ce Samarkanda. Na kwalin daga Samarkanda yake?"

"Wa zai..."

"Ka ƙara ce min wa zai gane, ka ga yadda ake fasa kwalba tamanin."

Ta tara ruwa a babban bahon da take jiƙa zabibi, ta nutsa kwalaben. Takardun suka jiƙe, suka saki, suka taso saman ruwa, tawadar tana narkewa. Ta tsame su da hannu ta dunƙule, tamanin ɗin duka ba su fi ƙwallon fura biyu ba. Ta jefa a kwandon shara, ta wanke bahon, ta zazzage zabibin kwali a ciki, mai ƙyalli, mai kyan gani, wanda ba komai a cikinsa. Dole a sha wani abu a bikin Nuf.

Ranar Alhamis bayan la'asar falon gidan Shisha ya cika da mata. An fito da Nuf, ta yi kyau har Ruƙayyatu ta manta da fushinta na ɗan lokaci. Sannan aka zo rabon abin sha, a jug na gilashi, babu takarda, babu suna. Ita da kanta take zagawa tana tsiyayawa, fuska a murtuke. Ta yi iyakar ƙoƙarinta a kansa, ta ƙara kirfa, ta rage sukari, ta tace sau uku, amma abin da babu a cikin inabi hannu ba ya sa shi.

Ta iso kan Hajiya Maryama, gwaggon ango, wata tsohuwa mai sanda da ba a san ta da ɓoye magana ba. Hajiya ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta ɗago kai.

"Wannan ne zabibin Ruƙayyatu na bana?"

Ruƙayyatu ta tsaya da jug a hannu. "Wa ya gaya miki sunana, Hajiya? Na gidan Kabo ne."

"Au, ke ce? Wane Kabo? Allon ƙofa ne ke cewa Kabo. Shekara ashirin ina aika direba Rusaifa, ban taɓa ce masa komai ba sai ka sayo min zabibin Ruƙayyatu. Duk unguwarmu haka ake faɗa, tambayi kowa." Matan da ke kusa suka gyaɗa kai, wata ta ce ko uwarta haka take kiransa. Hajiya ta ƙara kurɓa, ta yatsine fuska, ta ajiye kofin. "Amma gaskiya, baiwar Allah, tsufa ya kama bakin nan naki. Wannan ai ruwan kanti ne. A bikin 'yarki kuma?"

Shekara ashirin ana kiran sunanta a gidajen da ba ta taɓa shiga ba, kuma sai yau ta ji, a kan zabibin kwali. Magana tana bakinta, cikakkiya, da Samarkanda da bene shida da kwalba tamanin da sunan wanda ya yi aika-aikar. Ta ɗaga ido, ta hango Nuf a kan kujerar amarya tsakanin dangin miji, tana kallonta tana murmushi, ba ta san komai ba.

Ruƙayyatu ta haɗiye maganar, kuma ta fi abin da ke cikin kwalaben nan ɗaci. Ta ɗauki kofin Hajiya Maryama, ta cika shi har baki, ta dangwarar mata a gaba.

"Nawa ne," ta ce. "Ba daɗi, na sani. Ki shanye, Hajiya, ki tashi ki yi sallarki. Babu wanda zai tsare ki a kansa gobe ƙiyama."

Ta wuce kan kofi na gaba.